Darasi na 7: Me ya sa saniya ke ramewa bayan haihuwa?

Duk mai kiwo a Dukku ko Kumo ya taɓa ganin wannan. Saniya ta haihu a watan Maris, nono na zuwa, amma kafin wata 2 haƙarƙarinta sun fito. Sai a ce sammore ne, a nufi wurin mai allura. Sau da yawa kuwa ba cuta ba ce.

Saniya, tunkiya da akuya duk masu tuƙa ne, cikinsu kashi 4. A babban tumbi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa. Abin da suka samar, jini ya ɗauka, hanta ta mayar da wani ɓangare nasa sukari.

To, wa ke raba wannan abinci a jiki? Wasu sinadarai ne da ake kira homon, 'yan aike masu yawo cikin jini. Ɗaya shi ne insulin, wanda masu ciwon sukari suka sani. Idan dabba ta ƙoshi, shi ke cewa a ajiye kitse, a gina tsoka. Ɗayan shi ne homon na girma, daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake fitowa.

Da saniya ta haihu, insulin ya ragu, na girma ya ƙaru. Umarnin ya koma: ɗan maraƙi tukuna. Idan abincin bai isa ba, sai ta narkar da kitsenta, har da tsokarta, ta zuba a hantsa. Abin tausayi, kanta take ci don ta shayar.

Tunkiya mai cikin tagwaye ta fi shiga haɗari. Cikinta wata 5 ne, kuma a makonni 6 na ƙarshe 'ya'yan ke jan sukari sosai, ga shi sun matse tumbi. Idan ta ware daga garke, ta ƙi ci, tana tangaɗi, a kira malamin dabbobi a ranar, kada a kwana.

Karan dawa kaɗai ba ya riƙe mai ciki. Tun kafin haihuwa a fara ƙara mata harawa, dusa da ɗan anguriya ko ƙuli-ƙuli. Kaɗan-kaɗan, don tumbi ba ya son canjin gaggawa. Ruwa da gishiri kada su yanke.

Aikin gida: ka shafa gadon bayan kowace mai ciki a garkenka. Wadda ka ji ƙashinta da kaifi, rubuta ta a littafinka, ka zo da shi aji.