Yadda ake raya ruwan tankin kifin teku a Sakkwato kafin a saka kifi

Yawancin waɗanda na ga sun fara kiwon kifin teku na ado a tankin gilashi a nan Sakkwato suna tafka asara tun a makonnin farko, domin da zarar ruwa ya yi garau sai su ɗauka lokacin saka kifi ya yi. Alhali abin da ke tsare ran kifin shi ne ƙwayoyin bakteriya masu zama a jikin duwatsu da yashi, kuma su sai an yi musu reno.

A fara da ruwan. Wasu sukan sa a ɗauko musu jarkokin ruwan teku daga Legas, da tunanin cewa tunda mililita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da bakteriya kusan miliyan guda, an gama aiki. Ban yarda da wannan ba. Ruwan da ya kwana a bayan mota cikin zafi, ƙananan halittun cikinsa mutuwa suke yi su ruɓe, ga shi kuma ruwan bakin gaɓa yakan zo da ƙazanta da ƙwayoyin cuta irin su Vibrio. Bayan haka, bakteriyar da ake nema a jikin dutse take maƙalewa, kaɗan ce ke yawo a cikin ruwa. Gara a sayi gishirin teku na musamman da ake haɗa wa tanki, a narkar da kimanin giram 35 zuwa 38 a kowace lita, sannan a auna har ma'aunin gishiri ya nuna 1.025. Gishirin miya ba ya yi. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin mai kashe bakteriya, na rijiyar burtsatse kuma ba a san abin da ya narke a cikinsa ba, saboda haka a nemi wanda aka tace da na'urar RO mai cire abubuwan da suka narke a ruwa, wanda ake iya samu a wurin masu fiya wata idan suna da ita.

Daga nan sai renon, inda nan ne ake faɗuwa. A jera duwatsu masu huji-huji, a zuba yashi, a kunna famfon zagaya ruwa, sannan a jefa ɗan guntun ɗanyen kifi ko jatan lande a bar shi ya ruɓe. Ruɓewar tana fitar da sinadari mai guba da ake kira amoniya, wani rukunin bakteriya ya mai da ita naitirait, wani rukunin kuma ya mai da naitirait ɗin naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta amoniya ba. Aikin yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. A tsakiyarsa duwatsu da gilashi za su yi wani launin ƙasa-ƙasa kamar an barbaɗa musu ƙurar hunturu, kuma a nan ne mai gaggawa yake kwashe komai ya wanke tas da ruwan famfo, ya koma ranar farko bai sani ba. A bar su yadda suke, a riƙa aunawa duk bayan kwana biyu ko uku, kuma kada a sayi kifi sai amoniya da naitirait duka sun sauka zuwa sifili sun zauna a can. Amoniya tana ƙona wurin numfashin kifi, tana kuma lalata yauƙin da ke lulluɓe da fatarsa, wanda shi ne garkuwarsa ta farko, kuma kifin da ya galabaita haka shi Cryptocaryon, ƙwayar cuta mai sa fararen ɗige-ɗige a jikin kifi, take fara kayarwa.

Ƙwayoyin bakteriyar da ake reno da iskar oksijin suke rayuwa, don haka duk wanda ba shi da sola ko inbata da za ta riƙe famfo idan an ɗauke wuta, shawarata ita ce ya dakata da sayen tankin. Haka zancen zafi: ruwan yana son digiri 24 zuwa 27, bazararmu kuwa tana haura 40, saboda haka sai ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko aƙalla fanka mai hura saman ruwan. Abin da ya ƙafe a cike shi da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishirin yana nan bai tafi ba.

Sabon kifi ya fara zama a ƙaramin tanki na daban kamar mako 4, sannan a shigar da shi, ɗaya ko biyu a lokaci guda. Duk bayan mako biyu a canza kashi 10 cikin 100 na ruwan. Saka murjani mai rai na teku kuwa sai bayan wasu watanni.