Darasi: Zaɓen ƙota mara nauyi ga bindigar farauta

Ƙota ita ce jikin da bututu da kunama suke zaune a kai, ita ake dafawa a kafaɗa. Da katako aka saba yin ta. Amma maharbin Katsina ya san halin katako: yana kumbura da damina, hunturu na zuwa ya bushe ya tsuke, wani lokaci har ya tsage. Duk motsin da ƙota ta yi, saiti ya kauce. Wannan ya sa ake komawa ga ƙotar da ba ta shan ruwa.

Mafi araha ita ce ta roba, wadda ake narkawa a zuba a mazubi. Ba ta tsoron ruwa, sai dai gabanta yana lanƙwasa. Ka aza ta kan reshe ka danna, sai ta taɓa bututu, harsashi ya tafi wani wuri. Zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana ƙara mata laushi, balle an bar ta cikin mota a rufe. Cikinta kuma fayau ne, ƙirare na bugunta ta yi ƙwas, zomo ko gada su ji ka.

Ta faiba ta fi ta nesa ba kusa ba. Ana shimfiɗa zaren gilas hawa-hawa da gam mai ƙarfi, a cika ciki da soso mai tauri. Nauyinta kusan kilo 1, ba ta faye yin ƙasa da katako ba, amma ba ta motsi rani da damina. A ganinmu ita ta dace da yawancin mafarauta. Ta zaren kabon kuwa takan sauka zuwa giram 600 ko 700, ga tauri, ga tsada.

Kada rashin nauyi ya ruɗe ka. Bindiga na raguwa nauyi, dukanta a kafaɗa na ƙaruwa. Wanda ya sha dukan nan sau biyu ko uku, sai ya fara runtse ido kafin ya ja kunama, shi ke nan harbi ya ɓaci. Mara nauyi kuma ta fi rawa a hannu idan kana haki. In ka zaɓi ta kabon, lallai a sa mata matashin roba mai kauri a gindi.

Kafin ka biya, riƙe gabanta ka murɗa da hannu biyu. In ta bi hannunka, bar ta. Auna daga kunama zuwa gindi: santimita 34 zuwa 35 ke yi wa matsakaicin mutum daidai. Duba ramukan sukuru, a ce akwai 'yan bututun alminiyum a ciki. In babu, ɗaurin sukuru yana murƙushe soson ciki, ƙarfe ya riƙa girgiɗi. Bayan an ɗora, zura takarda tsakanin bututu da ƙota. In ƙirar ta mai sakakken bututu ce, wato wanda ba ya taɓa ƙota, takardar za ta wuce ba tare da ta maƙale ba.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta wajabta lasisi, kuma ba kowa ta yarje wa gyaran bindiga ba. Kai aikin wurin mai izini, bayan ka cire harsashi ka duba da idonka. Wajen goge ƙota, ruwa da sabulu sun isa. Fetur da tina, wato ruwan tsinka fenti, suna cin roba da fenti.