Kurakuran da aka fi yi wajen neman gidan haya mai sauƙin kuɗi a birni

Yawancin masu neman gidan haya tambaya ɗaya suke yi wa dillali: nawa ne? Da zarar sun ji kuɗin bai kai abin da suka yi tsammani ba, sai hankali ya kwanta, a fara lissafin ranar tarewa. Daga nan kuskuren farko yake somawa, kuma shi ya fi kowanne cin mutane, domin kuɗin da mai gida ya faɗa yanki ne kawai na abin da gidan zai riƙa ci a aljihunka.

Ɗauki takarda ka rubuta komai. Kuɗin haya, la'adar dillali, kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, wuta, ruwa, kwashe shara, gadi idan akwai, da kuɗin motar da za ta kwashi kaya. Sannan ka zo kan wanda aka fi mantawa, wato zirga-zirga. Mai aiki kwana 22 a wata, zuwa da dawowa, tafiya 44 ke nan, a shekara kuwa 528. Idan gidan da ke bayan gari ya ƙara maka mota ɗaya a kowace tafiya, ninka wannan kuɗin sau 528 ka ɗora a kan hayar, sai ka kwatanta da gidan da ke kusa da wurin aiki wanda ka ce ya yi tsada. Sau da yawa na kusan ne mai arahar. Ban ma sa kuɗin kai yara makaranta ba, balle awannin da za ka ƙarar a cunkoso.

Akwai ma'aunin da ya yaɗu a duniya, cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Asalinsa daga dokar gidajen gwamnati ta Amurka ne, inda aka kayyade kashi 25 a 1969, aka ɗaga zuwa 30 a 1981. Yana da amfani a matsayin ishara, amma mai iyali da yawa ko mai biyan bashi ya kamata ya tsaya ƙasa da haka. A ganina ya fi aminci ka yi lissafin da kuɗin da ke shigo maka a watan da kasuwa ta yi sanyi.

Kuskure na biyu shi ne duba gida sau ɗaya, da rana tsaka, dillali na tsaye a kanka yana duba agogo. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan. Na ga ɗaki fes, fenti sabo har yana ƙamshi, na biya a ranar. Ruwan sama na farko da ya sauka, sai ga wani tabo ruwan ƙasa ya fito a kusurwar silin, kwana biyu ya bazu kamar taswira, bango kuma daga ƙasa ya fara kumbura yana zubar da farin gari. Fentin an shafa shi ne don a rufe damshi. Katifata da littattafaina suka biya kuɗin gaggawata, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Gyaran ba wuya. Ka je sau biyu aƙalla, ɗaya da safe lokacin fita aiki, ɗaya bayan duhu ya yi. Buɗe kowane famfo ka ga ƙarfin ruwan. Kora ruwa a ban ɗaki ka tsaya ka ga ko yana wucewa. Tafi da cajar waya ka gwada soket ɗaya bayan ɗaya. Shafa bango da tafin hannu ta ƙasa, ɗaga kai ka dubi silin, leƙa magudanar ruwan da ke ƙofar gida. Duba ko waya na samun sabis a cikin ɗaki. Sannan ka nemi maƙwabci ko wani ɗan haya a gidan, ba a gaban dillali ba, ka tambaye shi: ruwa na kwanciya a layin nan? Me ya fitar da wanda ya tashi? In abu ya lalace mai gida na gyarawa? Minti biyar da maƙwabci ya fi awa guda da mai neman la'ada.

Na uku shi ne tura kuɗi kafin a ga gida. Hoto mai kyau a Facebook, farashi ƙasa da na unguwar, nesa ba kusa ba, da mutumin da ke cewa wasu ma na nema, ka turo wani abu a riƙe maka: alamomin damfara ke nan. Gani ya kori ji. Kada sisinka ya fita sai ka shiga gidan da ƙafarka, ka kuma tabbatar wanda zai karɓi kuɗin shi ne mai gidan ko wakilin da ya amince da shi.

Wasu kuma ba sa fara nema sai wa'adin tsohon gida ya rage mako biyu, sai su karɓi duk abin da aka miƙo. Fara da wata biyu ko uku a hannu, ka ga gidaje da dama, ka san farashin unguwar, sannan ka yi tayi. Gidan da ya daɗe a rufe, mai shi yakan sassauta.

Sai batun rubutu, wanda kunya ke hana mutane nema. Mai gida na iya zama mutumin kirki, amma gida na iya komawa hannun magada ko a sayar da shi, kuma sabon mai shi bai san alkawarin baka ba. A rubuta tsawon wa'adi, ranar biya, wanda gyaran rufi da famfo ke wuyansa, yadda za a yi ƙarin haya, notis na kwana nawa, da sharaɗin mayar da kuɗin ajiya. Karanta kafin ka sa hannu, ka riƙe kwafinka, ka karɓi rasit a kowane biya. Tambayi ko akwai tsohon bashin wuta ko na ruwa a kan gidan, kuma idan mita ɗaya ake rabawa, ka ji yadda ake kasa kuɗin.

Ranar da aka ba ka makulli, kafin ka shigar da ko tabarma, ɗauki hoton lambar mita, da kowane tsagin bango, da tagar da ta fashe, da ƙofar da ba ta rufuwa. Tura wa mai gida hotunan a ranar ta saƙon waya, domin kwanan watan ya zauna a wayarka da tasa har zuwa ranar da za ka nemi kuɗin ajiyarka.