Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ɗanɗana Gahawa da Yadda Ake Gyara Su

Wani abokina ya dawo daga Addis Ababa da ƙullin gahawar Yirgacheffe, wani yanki a kudancin Habasha, ya kai wa mai shayin unguwarsu ya ce a haɗa masa. Mai shayi ya sheƙa mata ruwan da ke zaɓalɓala a kan wuta tun asuba, ya antaya madara, ya bi da sukari cokali huɗu. Abokina ya kurɓa ya ce, "Ashe duk ɗaya ne da Nescafé, asarar kuɗi kawai na yi." Ba ɗaya ba ne. Madara da sukari ya sha, gahawar kuwa ko gaisawa ba su yi ba.

Sha daban, ɗanɗanawa daban. In sha za ka yi, ka sa duk abin da ranka ke so: citta irin ta jabanar Sudan, ko ƙwayar nan da Larabawa ke kira hel, wadda alhazai suka saba ji a gahawar Saudiyya da ake miƙowa tare da dabino. Babu laifi. Amma ranar da kake son sanin ko abin da ka saya ya ci kuɗinsa, to daga ita sai ruwa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗanɗana iri ɗaya tak. Harshe mantau ne. Wadda ka sha ranar Talata ba za ta kwatantu da ta Juma'a ba, sai dai ka yi ta zato. Ka jera biyu ko uku a gabanka lokaci guda, kana kurɓar wannan kana komawa waccan. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kuma mai farawa kada ya ɗauko masu kama da juna. Ya nemi nau'in gahawar da ake kira arabika, wadda asalinta tsaunukan Habasha ne kuma ake noma ta har a Mambila ta jihar Taraba, ya ajiye ta kusa da nau'in robusta, wadda Vietnam ta fi kowace ƙasa nomawa kuma ita ce ta fi yawa a garin gahawa mai narkewa. Robusta tana ɗauke da kusan ninki biyu na sinadarin kafin, mai hana barci, ga ɗaci ga nauyi a baki. Ko wanda bai taɓa kula ba zai ji bambancin.

Daga nan sai rashin adalci wajen haɗawa. A cika wa wannan gari, a tsakura wa waccan, sannan a ce ɗaya ta fi ƙarfi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin dai kada ka yarda da shi. Masu sayen gahawa a kasuwar duniya suna da tsari ɗaya: giram 8.25 na gari ga mililita 150 na ruwa, wato ƙasa kaɗan da sulusin ruwan leda. Ruwan ya kasance kusan digiri 93 a ma'aunin Salshiyas. In babu ma'auni, ka sauke buta bayan ta tafasa, ka ɗan jira kamar minti ɗaya. (Mutanen Jos ba sai sun jira haka ba, don saboda tudu ruwansu yana tafasa ne a wajajen digiri 96.) In babu sikeli, ka yi amfani da cokali ɗaya a shafe ga kowane kofi, kofunan kuma girmansu ɗaya. Niƙan ya zama mai ɗan tsaki-tsaki, ba luƙui kamar fulawa ba. Ka zuba ruwa, ka bar shi minti 4 ba motsawa. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Ka kai hancinka kusa, ka fasa ɓawon da bayan cokali: ƙamshin da ke fitowa a wannan lokacin ba ya dawowa. Sannan ka kwashe kumfar ka zubar.

Ruwan ma abin dubawa ne, tunda kusan kashi 98 cikin 100 na abin da ke cikin kofin shi ne. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa yana kashe tsamin gahawa, na famfo mai warin magani yana ɓata ƙamshi. Wanda duk ka zaɓa, shi za ka zuba wa dukansu.

Gaggawa ita ce ta gaba. Mutane suna kurɓa da zafinta, su ƙone harshe, su yanke hukunci. Zafi yana rufe aibi, yana kuma rufe daɗi. Ka bari ta huce yadda baki zai ɗauka, ka ɗanɗana, ka sake bayan minti biyar, ka sake in ta kusa yin sanyi. Mai kyau zaƙinta ƙara fitowa yake yi, marar kyau kuwa a nan asirinta ke tonuwa. Kuma a ajiye kunya: da cokali ake ɗiba a zuƙe da ƙarfi har a ji ƙara, irin zuƙar da iyayenmu ke hana mu yi da koko. Dalili shi ne harshe ba ya gane komai sai zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da ɗanɗanon romo. Sauran duk aikin hanci ne, ta bayan maƙogwaro, kuma zuƙar ce ke kai tururin can. Shi ya sa mai murar hunturu ya haƙura sai ya warke.

Wanda ya ci goro ko tsire mai yaji ya kuskure baki ya jira. Ɗakin da aka sa turaren wuta ba wurin wannan aiki ba ne. Sai kuma turmi. Na taɓa ɓata rabin kilo guda saboda na daka a turmin gida, gahawar ta fito tana ƙamshin daddawa, kuma har na fara zargin wanda ya sayar mini. Gahawa tana jan warin duk abin da ta raɓa, ko a turmi ko a firji kusa da kifi. Ka ware mata abin niƙanta, ka ajiye ƙwayar a gwangwani mai murfi nesa da rana, kada ka niƙa sai za ka haɗa.

Inda na fi son mu tsaya shi ne sunayen abin da baki ya ji, don a nan ne muke zaluntar kanmu. Da yawa in sun kurɓa kalma ɗaya gare su: ɗaci. Alhali Hausa ta riga ta raba abubuwan da kyau. Akwai ɗaci, akwai bauri irin na ɗanyen kaɗanya mai kama harshe, akwai ƙauri na abin da ya ƙone, akwai garɗi irin na soyayyar gyaɗa, akwai lami. Kowanne da abin da yake nunawa. Ƙauri laifin mai suya ne. Bauri da ɗaci mai yawa sukan zo in niƙa ya yi laushi ko an bar gari ya daɗe a ruwa. Tsami mai kaifi tare da lami kuwa alama ce ta cewa ruwan bai ja abin da ya kamata ba, ko don ya huce ko don niƙan ya yi tsaki da yawa. Kafin ka zagi manomi, ka fara gyara waɗannan.

Tsami shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Wasu suna jin sa sai su ce ta lalace. Gahawa ƙwallon ɗan itace ce, kuma wadda aka noma a tudu, irin ta Kenya ko Sidama ta Habasha, ana nemanta ne saboda wannan tsamin. Abin tambaya shi ne: tsamin zoɓo ne mai daɗi, ko na kunun da ya kwana? Haka nan baƙar suya ba ita ce ƙarfi ba. Duhun suya ba ya ƙara kafin, ɗanɗanon wuta yake ƙarawa, har ya kai ba ka iya raba ta Habasha da ta Brazil. In kwatanta ƙasashe kake so, nemi suya mai haske ko matsakaiciya, duka iri ɗaya.

Kada kuma ka haddace abin da aka rubuta a jikin leda. Za ka ga sunayen 'ya'yan itatuwan Turai da ba ka taɓa sa wa a baki ba, kana ta laluben su a kofi. Wanda ya rubuta ya kwatanta ne da abin da ya ci tun yana yaro. Kai ma ka yi haka. Ta Harar, a gabashin Habasha, da ake shanyawa da ɓawonta takan tuna mini da dabino da ɗinya. Ta Yirgacheffe da ake ɓarewa a wanke kafin a shanya ta fi kusa da shayi da lemun tsami. Ta Brazil, gyaɗa da cakulan. In kai tsamiya ka ji, rubuta tsamiya. A rubuta kafin a yi magana, don da zarar babban yaya ya ce "mangwaro", kowa a wurin mangwaro zai ji.

Ido ma yana ruɗar harshe. In ka san wadda ta fi tsada, ita za ta fi daɗi. Ka sa wani ya zuba ya rubuta alama a gindin kofi. In kana son gwada kanka, a ba ka kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, ka fitar da baren. Wanda ya yi canke ma yakan dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai an maimaita sau da dama kafin a fara bugun ƙirji.

A ajiye kofin tofarwa a gefe, da ruwan ɗauraye cokali tsakanin kofi da kofi. Ranar da na fara, haɗiyewa na yi ta yi bayan isha'i, kofi shida, ina kwance ido biyu har ladan ya kira assalatu.