Idan An Rufe Makaranta: Kurakuran da Iyaye Ke Ta Maimaitawa a Gida

A Kaduna rufe makaranta ya daina zama baƙon abu. A watan Maris na 2020 korona ta sa aka sallami yara aka kulle gari, sai da aka shafe watanni kafin a fara buɗewa aji-aji. Ba mu gama farfaɗowa ba, a Yulin 2021 aka sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun, gwamnati ta rufe makarantu 13, daga baya ma aka ɗage komawar kowa da kowa. Masu 'ya'ya a jami'a kuwa sun sha tasu a 2022, da yajin aikin ASUU ya zaunar da su gida daga Fabrairu har Oktoba. Amma duk da haka, da an sake rufewa sai iyaye su koma ga abin da ya cuce su a baya, kamar ba a taɓa yi ba. Ni malamar firamare ce, ni nake karɓar yaran idan an koma, don haka ɓarnar a gabana take sauka. Na gaji da yi wa iyaye bayani ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofar makaranta, shi ya sa na rubuta.

Uwar kurakuran ita ce kalmar nan ta "ai an kusa komawa". Uba ya ce a bar su su huta, sati biyu ne. Sati biyu ya zama wata, wata ya zama zango guda, jakar makaranta tana nan rataye jikin ƙusa ta sha ƙura, littafin rubutu kuwa an yage shi an ƙunsa gyaɗa. Babu wanda ya yanke shawarar yaro ya bar karatu, kowa dai jira yake a yi sanarwa a rediyo.

Ga abin da na tarar da aka dawo bayan kullen korona. Yaran da aka sallama suna karanta gajeriyar jimla, sun dawo suna rikita "b" da "d". Wata yarinya mai kyan rubutu ta dawo tana damƙe fensir da yatsu biyar, in ta yi layi biyu sai ta yarfe hannu ta ce ya gaji. Wanda ya iya tarawa da ajiye ɗaya a ka, ya koma ƙirga yatsun ƙafa. Zango guda na kashe ina maimaita aikin ajin baya, manhajar ajin da suke ciki tana ajiye. Abin da ya fi ƙona min rai, 'yan kaɗan ɗin da iyayensu suka kula da su a gida, su ma sai da suka zauna suna hamma suna jiran sauran. Sakacin gida ɗaya ya ci yaran gida goma. Kuma iyayen da suka yi sakacin su ne kan gaba wajen zuwa su ce, "Malama, me kuke koya musu ne?"

Abin mamaki, mu ne mutanen da suka fi kowa sanin cewa karatu yana gudu. Babu uwar da za ta yarda ɗanta ya yi wata uku bai yi tilawa ba, sannan ta sa ran haddarsa tana nan. To karatun boko ma haka yake, musamman ga ɗan aji ɗaya zuwa uku da bai gama haɗa baƙi ba.

Abin da nake yi a gidana ba shi da yawa. Rabin awa, kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Ni na zaɓi bayan karin kumallo, kafin rana ta yi zafi, kafin yaran unguwa su fara leƙo zaure. A shimfiɗa tabarma, yaro ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ya rubuta layi biyar, ya yi lissafi uku ko huɗu, a tashi. Wasu abokan aikina suna ganin ya yi kaɗan, suna ba iyaye jadawalin awa uku mai darussa shida. Ban taɓa ganin gidan da ya riƙe irin wannan ya wuce sati ɗaya ba. Na fi son kaɗan ɗin da za a yi yau a yi gobe. Ranar da aka sanar an rufe makaranta, washegari ake farawa, ba sai an ga ko za a daɗe ba.

Kada kuma wata ta ce min ita ba ta yi boko ba. Zauna kusa da shi kina tsince shinkafarki, ya karanta kina ji, in ya gama ki ce, "To, me aka ce a ciki?" In ya kasa faɗa miki da Hausa, bai gane ba, ya sake. Ba ki buƙatar takardar shaida kafin ki san yaro yana kame-kame. Wanda ya gagare ki, a ajiye wa yayarsa ko ɗan makwabta da ke sakandare.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ne wanda na ɗanɗana a cikin ɗakina. Duka da tsawa da sunan koyarwa. Azumin 2020 a cikin kulle ya zo, shagon maigida a rufe, abin cefane ana lallaɓawa, yara a kanka dare da rana. A cikin wannan hali na zaunar da ɗana na biyu a kan haddar sau bakwai, da tsumagiya a gefena. Bakwai sau shida, ya ce arba'in da takwas, na zuba masa. Ya ce arba'in da ɗaya, na ƙara. Ba a jima ba, da ya ga na ɗauko tabarma sai ciki ya fara masa ciwo. Littafin lissafin ya ɓace, muka neme shi ƙasa da sama, ashe ya cusa shi bayan randa, har ya jiƙe ya kumbura. Surukata da ke zaune da mu ita ta ɗauko shi da yatsu biyu tana ɗiga ruwa, ta dube ni ta ce, "Ke da kike haƙuri da 'ya'yan mutane, naki ne ba za ki iya ba? Ba bakwai sau shida ke damun ki ba, kuɗin cefane ne." Ban ce komai ba, don gaskiya ta faɗa.

Yaron nan ya daɗe kafin ya daina ɗar-ɗar da lissafi, ya fi tsawon kullen kansa. Da ƙwallayen dabino da murafen kwalba muka dawo da shi, yana jera su bakwai-bakwai a ƙasa yana ƙirgawa, kakarsa tana yi kamar ba ta sani ba yana koya mata. Tun daga nan na kafa wa kaina doka: ranar da raina yake a ɓace, babu karatu da ni, wani ya zauna da su ko a bari sai la'asar. Kuma in yaro ya kasa abu sau uku a jere, ba taurin kai ba ne, abin ne ya fi ƙarfinsa, a koma baya mataki ɗaya.

Ku iyaye, ku ji tsoron Allah a kan wannan. Takaicin rashin kasuwa, da faɗan da aka yi da maigida da daddare, da kuɗin haya da ya ƙarato, duk a kan bayan yaro ɗan shekara bakwai ake sauke su, wai don ya rubuta "g" a juye. Sannan a kawo min shi a ce, "Malama, ba ya son karatu, ki riƙa zane shi." Ya za a yi ya so abin da bai taɓa gani ba sai tare da bulala? A makaranta ko ya sha faɗa yana da abokai da filin wasa da zai huce. Idan an rufe makaranta, gidan nan shi ne duniyarsa gaba ɗaya, ba shi da wurin gudu.

Sai waya. Uwa ta sayi data da kuɗin da ta tara na adashi, ta miƙa wa yaro ta ce ya yi karatu, ta shiga kicin. Ki dawo ki duba abin da aka kalla, za ki sha mamaki. Ban ce waya ba ta da amfani ba. Akwai manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, akwai darussa a YouTube masu kyau. Amma ni ga yadda nake yi: ni zan nemo darasin, in sauke shi da daddare, in kashe data, a kalla ina wurin, sannan a ajiye waya a ɗauki biro a rubuta abin da aka gane. Darasin da bai sauka a takarda ba, kallo ne kawai aka yi. Kada kuma a jingina komai a kan waya a garin da wuta ke zuwa sanda ta ga dama. A 2021 ma an katse layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda matsalar tsaro, masu dogaro da intanet suka zauna zuru. A lokacin korona ma'aikatar ilimi ta jiha ta sa darussa a rediyo da talabijin na KSMC, kafar yaɗa labarai ta jiha, gidaje da yawa ba su ko kunna ba, alhali ƙaramar rediyo mai batir ta isa. In aka sake yin irin wannan, a nemi lokacin shirin, a zaunar da yaro da littafi a hannu, ba yana ji yana wasan langa ba.

Yanzu bari in zo kan 'ya'ya mata, don nan ne nake jin haushi na gaske. Da an rufe makaranta, sai yarinya ta zama 'yar aikin gida. Ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce goyon ƙani, ita ce kai niƙa, da yamma a ɗora mata farantin talla ta nufi bakin titi. Yayanta namiji kuwa yana filin ƙwallo tun hantsi, sai yunwa ta koro shi. Idan aka koma aka ga ta ja baya, a ce ai dama mace ce, kanta ba ya ja. Wasu ma ba sa dawowa. A rajistar ajina akwai sunayen da na yi ta kira bayan dogon rufewa babu mai amsawa, in na aika gida a ce ta saba da tallan, ko an kai ta wajen gwaggonta. Ban hana yara aiki ba, aikin gida tarbiyya ne. Amma a raba shi. Namiji ma hannu biyu gare shi, ya iya ɗebo ruwa, ya iya wanke kwano. Rabin awar karatun yarinya kuma kada a taɓa ta, ko tuwo zai ƙone. In kuwa tallan ya zama dole saboda halin rayuwa, to a ba ta littafi ta riƙa rubuta abin da aka sayar da ribar da aka samu, uwa ta bi lissafin da ita da daddare.

Saura ƙanana ne, amma su ma suna cizo.

Ɗaukar malamin darasin gida a sallama masa komai, ba a taɓa buɗe littafin an ga me yake yi ba. Duba duk ranar Juma'a.

Sayo littafin da ya fi ƙarfin yaro don a burge baƙi. In yana tuntuɓe a kowane layi, a ajiye, a nemo na ajin baya.

Raina karatun Hausa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, Turanci ba ya ba shi wuya kamar wanda aka fara da haddar abin da bai gane ba. Tatsuniya da kacici-kacici bayan sallar isha ma karatu ne, a sa shi ya maimaita labarin da bakinsa.

Barin yara su kai sha biyun dare a gaban talabijin su tashi da azahar. Lokacin barci kada ya canza don an rufe makaranta.

Zama a gaban yara ana ta labarin masu garkuwa da mutane, ana kunna musu bidiyon da aka turo a WhatsApp. Yaron da ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya maƙale wa uwa ba ya yarda ta fita, tsoro ne ke cin sa. A faɗa masa dalilin rufe makarantar a taƙaice, daidai hankalinsa, a bar shi ya yi tambaya.

Sakin samari su yini a gari ba a san inda suke ba, musamman da damina idan Kogin Kaduna ya cika. Wanda ya tasa, gara a haɗa shi da mai sana'a, ko ɗinki ne ko gyaran waya ko ƙira a Panteka, ya je da safe ya dawo da la'asar.

Masu shirin jarrabawar fita kuma su daina cewa ai an ɗage. A 2020 an ɗage WAEC daga lokacinta, aka zo aka yi ta a watan Agusta, waɗanda suka rufe littafi tun Maris suka shiga ɗakin jarrabawa suna rarraba ido. Tambayoyin shekarun baya suna nan a shagunan littattafai, a riƙa yin takarda ɗaya ana duba agogo.

Ku kuma iyaye maza, ban manta da ku ba. Yawancinku kun ɗauka wannan duk aikin uwa ne, naku shi ne ku shigo da daddare ku ce, "Sun yi karatu kuwa?" ku wuce ɗaki. Malam, kafin ka cire hula, ka ce a kawo maka littafin yau. Ka duba, ka sa hannu da kwanan wata a ƙasan shafin, ko da ba ka gyara komai ba. A aji ina gane littafin da uba ke dubawa tun kafin in buɗe shi, don ba ya yagewa, ba a kuma ƙunsa gyaɗa da shi. Sannan ka ɗauke wa matarka yaran na awa ɗaya, ka tafi da su masallaci ko gidan kakanni, ta samu ta miƙe bayanta kafin a ɗora tukunyar dare.