Kaushin hannu da ya ƙi warkewa: kurakuran da ake yi da yadda za a gyara su

Kaushin hunturu kowa ya san shi: iska ta bushe, fata ta yi furu-furu, a shafa mai na 'yan kwanaki ta koma daidai. Wanda ya kamata a tsaya a kansa shi ne busasshen wurin da yake zama a bayan hannu, ko a gaɓoɓin yatsu, ko a tsakiyar tafi, yana saɓa, yana ƙaiƙayi, wani lokaci ya tsage har ya yi jini, hunturu ya wuce, bazara ta shigo, shi kuwa yana nan. Mafi yawan masu fama da shi sun sha sayen magani, amma abin da yake jawo shi yana nan yana taɓa hannun kullum, ko kuma tun farko ba a gane irin ciwon ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman abin shafawa kafin a tambayi me hannun yake taɓawa. Saman fata yana da wani siririn maiƙo da yake riƙe danshi, yake kuma hana abubuwa masu zafi ratsawa ciki. Omo, sabulun wanki, sinadarin bilic, ruwan zafi da yawan jiƙa hannu duk suna wanke wannan maiƙo, kuma idan ana wanke shi fiye da yadda jiki yake iya mayar da shi, dole fata ta bushe ta fara tsagewa. Shi ya sa matsalar ta fi kama uwargidan da take wanki da wanke-wanke tun safe, da mai jego mai wankin kayan jariri, da ma'aikatan jinya, da masu wankin mota, da makanike mai goge baƙin mai da fetur ko kananzir, da lebura mai kwaɓa siminti da hannu. Siminti ma abu biyu yake yi: yana cin fata saboda kaifinsa, sannan akwai sinadarin kuromiyum a cikinsa wanda jikin wasu yake ƙi, ta yadda daga baya ko ɗan kaɗan ya taɓa su sai ciwon ya tashi. Haka baƙin lalle da rinin gashi suke, domin da yawansu suna ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, kuma ƙaiƙayinsa yakan bayyana ne bayan kwana ɗaya zuwa uku, lokacin da mai shi ta riga ta manta da ƙunshin. Gyaran wannan kuskure shi ne mutum ya bi ayyukansa na yini ɗaya bayan ɗaya, ya kuma lura ko hannun yana yin sauƙi idan ya yi tafiya ko ya huta da aiki, ya dawo idan ya koma.

Daga nan sai batun wanki. Wasu suna ganin fata ta yi ɓawo sai su ɗauka dauɗa ce ko ƙwayoyin cuta, su koma dirza ta da soso ko dutsen goge kaushi, su sayi sabulun magani, su zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka. Wannan ƙara wa wuta fetur ne. Abin da hannun yake buƙata shi ne ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu mai laushi marar ƙamshi, ɗauraya sosai, sannan a tsane ruwan da tawul ba tare da gurzawa ba, musamman tsakanin yatsu. Mai zobe ya riƙa cire shi kafin wanki, domin kumfa tana maƙalewa a ƙarƙashinsa, kuma sau da yawa daga wannan ɗan zagayen ciwon yake farawa.

Shafa mai kuwa, kusan kowa yana yi, sai dai ba yadda zai yi amfani ba. Ana shafawa sau ɗaya bayan wanka, da man ruwa-ruwa mai ƙamshi, alhali kafin azahar an wanke shi ya fita tas. Hannun da ya lalace yana son mai mai kauri marar turare, irin su basilin, man kaɗanya tsantsa, ko kirim mai gilisarin, kuma a shafa shi duk lokacin da hannu ya fito daga ruwa, tun fatar tana da ɗan danshi. Ga wanda yake alwala sau biyar a yini, dabara mai kyau ita ce ya ajiye ƙaramin gwangwanin mai kusa da inda yake ajiye buta, wani kuma kusa da wurin wanke-wanke, domin man da yake cikin ɗaki a kan madubi ba a cika tuna shi ba. Da dare a lafta shi sosai a sa safar hannu ta auduga a kwana da ita. Idan tafin hannu ya yi kauri, kirim mai sinadarin yuriya kashi 10 cikin 100 yana tausasa shi, amma yana raɗaɗi a inda fata ta tsage, don haka a bari tsagar ta haɗe tukuna.

Safar hannu ta roba tana taimakawa wajen wanki, amma idan an daɗe da ita gumi yana taruwa ya jiƙa fatar, don haka a sa ta auduga daga ciki, a kuma riƙa cirewa bayan kamar minti 20.

Kuskuren da na fi jin takaicinsa shi ne na mayukan kemis. Mutum ya miƙa hannu a kan kanta, a duba na daƙiƙa biyu a ce makero ne, a ba shi irin man nan da aka haɗa maganin makero da na ƙwayoyin cuta da sitiroyid (maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi) mai ƙarfi a bututu ɗaya. Ƙaiƙayi yakan lafa cikin kwana biyu ko uku, sai mai shi ya ga ya dace, ya ci gaba da shafawa wata da watanni. Idan ainihin ciwon makero ne, sitiroyid yana ɓoye kamanninsa ya bar shi yana yaɗuwa. Idan kuma ba shi ba ne, doguwar shafawa tana sa fatar bayan hannu ta yi siriri, ta yi haske, ta riƙa fashewa da ɗan bugu kaɗan, kuma mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da irin wannan sitiroyid. Duk da haka ba daidai ba ne a tsorata da sitiroyid gaba ɗaya, domin shi ne babban maganin ekzima, wato irin wannan bushewar fata mai ƙaiƙayi da tsagewa, idan ta tashi. Likita ne zai zaɓi ƙarfin da ya dace, a shafa shi a kan wurin ciwon kawai, yawanci na mako biyu zuwa huɗu. Ma'aunin da ake amfani da shi mai sauƙi ne: abin da aka matso daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓar farko ya isa hannu ɗaya ciki da baya. Su kuwa man birki, baƙin mai, toka, kanwa da lemun tsami da wasu suke gogawa, ƙona fata kawai suke yi.

Ba kowane busasshen wuri ne ekzima ba, kuma akwai alamomin da mutum zai iya dubawa da kansa. Idan hannu ɗaya ne kawai ya kamu, layukan tafin sun yi fari kamar an barbaɗa gari, a duba ƙafafu da farata, domin makeron hannu yakan zo tare da na ƙafa, kuma sau da yawa sai an sha ƙwayoyin magani kafin makeron ya mutu. Idan wurin yana da kauri da iyaka a fili, ga irinsa a gwiwar hannu ko gwiwar ƙafa ko fatar kai, farata kuma sun yi 'yan ramuka, ana zargin wata cutar fata da ake kira soriyasis, wadda ba a ɗaukarta daga wani. Ƙaiƙayin dare tsakanin yatsu wanda ya kama mutanen gida da yawa ya fi kama da ƙazuwa. Wurin da ya yi haske, ya bushe, ba ya gumi, ba ya ƙaiƙayi, kuma ba a jin taɓi a kansa, wannan a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin haka kuturta take farawa, kuma tana warkewa da magani na wata 6 ko 12 wanda ake bayarwa kyauta. Ciwon suga da raunin aikin ƙullin tayirod na wuya su ma suna busar da fata.

Idan an yi mako biyu zuwa uku ana kare hannu ana shafa mai yadda ya kamata babu sauyi, ko wurin ya fara ruwa, ya yi ɓawo rawaya, ya kumbura ko ya yi mugunya, lokacin ganin likita ya yi, kuma likitan fata ya fi idan ana iya samunsa. A tafi da duk mayukan da aka shafa a cikin leda, a kuma faɗi sana'ar da ake yi. Ana iya kankare ɗan ɓawon a duba shi a na'ura don gano makero, ko a manna wasu sinadarai a gadon baya na awa 48 don gano wanda jiki yake ƙi.

Bayan an samu sauƙi kuma, da yawa suna komawa omo da hannu tsirara a makon farko, alhali fatar da ta yi kyau a ido tana buƙatar makonni, wani lokaci watanni, kafin kariyarta ta dawo. A ci gaba da mai da safar hannu ko da babu sauran alama, a kuma ƙara yawan shafawa tun daga watan Nuwamba, kafin iskar hunturu ta kankama.