Yadda za ka gane jan ruwa mai guba a gaɓar Florida

Idan ka sauka Tampa ko Sarasota a Amurka tsakanin Agusta da Disamba kana son zuwa bakin teku, fara duba ta ina iska ke kaɗawa.

Ƙwayar gansakukar da ke jawo wannan bala'i na jan ruwa, Karenia brevis, can cikin Tekun Meziko take tasowa, kilomita 15 zuwa 65 daga gaɓa. Idan iska ta kore ruwan sama zuwa cikin teku, ruwan ƙasa sai ya taso ya cike gurbin, ya kwaso ƙwayoyin zuwa gaɓa. Iska ta juyo ta fuskanci tudu kuwa, sai ta tara su a bakin rairayi, igiyar ruwa ta farfasa su, gubar ta bi iska. Tari da ƙaiƙayin maƙogwaro kenan. Mai ciwon asma, ranar nan zauna gida kawai.

Sai ka lura da mashigin ruwa. Ƙwayar ba ta jure ruwa mai ƙarancin gishiri, don haka bayan ruwan sama mai yawa cikin mashigin yakan yi sauƙi. Amma kada wannan ya ruɗe ka: kogi irin Caloosahatchee yana sauko da takin gonaki, a bakinsa take samun abinci. A lungun da ruwa ba ya juyawa takan daɗe. Annobar jan ruwan da ta fara a ƙarshen 2017 sai farkon 2019 ta lafa.

Duba taswirar jan ruwa ta FWC, hukumar kula da kifaye da namun dajin Florida, kafin ka fita. Kawa kuwa, wato dabbar teku mai ɓawo da ake ci, kada ka tsinta da kanka, don tana iya ɗauke da gubar. Dafuwa ba ta kashe gubar.